Shirun Marubuci da Hayaniyar Masu Karatu: Yadda Aka Karɓi Littafin Hammer's Slammers na David Drake

1.0 Gabatarwa

Abu ne sananne cewa idan aka ba ɗalibin adabi littafi ya yi nazari, abin da yakan fara nema shi ne jigo, sa'an nan ya dubi salo, da zubi da tsari, da kuma taurari. Ba safai akan tsaya a tambayi abin da ya sami littafin bayan ya bar hannun marubucinsa ya shiga kasuwa ba, watau yadda masu karatu suka karɓe shi, da abin da suka ce ya faɗa musu. Alhali kuwa sau da yawa a nan ne ake gane ƙarfin rubutu ko rauninsa. Wannan maƙala za ta ɗauki littafi guda ɗaya ta bi sawun irin martanin da ya jawo. Littafin shi ne *Hammer's Slammers*, tarin gajerun labarai na wani Ba'amurke mai suna David Drake, wanda kamfanin ɗab'i na Ace ya buga a shekarar 1979.

Dalilin zaɓen wannan littafi shi ne irin rabuwar kan da ya haddasa. Wasu masu karatu sun ce littafi ne mai kambama yaƙi da zubar da jini. Wasu kuma, musamman waɗanda suka taɓa ɗaukar bindiga, sun ce da wuya a sami littafin da ya fallasa munin yaƙi kamarsa. Akwai kuma waɗanda ba su ga komai a ciki ba sai tankokin yaƙi masu ban sha'awa. Labarai bakwai ne dai kowa ya karanta, ba a ƙara wa wani ko rage wa wani ba. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa wannan saɓani ya samo asali ne daga wata dabara guda ta salo: marubucin ya ƙi yanke wa taurarinsa hukunci, ya bar wa mai karatu wannan aiki.

2.0 Nau'in Labarin da Zamanin da Ya Fito

Ƙagaggun labaran kimiyya su ne waɗanda akan gina a kan wani ci-gaban kimiyya da fasaha da ba a kai gare shi ba tukuna, kamar tafiya zuwa wasu duniyoyi ko ƙera na'urorin da babu su a yau. Ba baƙon abu ba ne ɗungum a adabin Hausa, domin *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, yana cikin wannan sahu. A adabin Ingilishi nau'in ya yi rassa da yawa, ɗaya daga cikinsu shi ne reshen soja, inda akan ba da labarin yaƙin gobe ta idon sojan da ke fagen fama. Littafin da aka fi dangantawa da kafuwar wannan reshe shi ne *Starship Troopers* na Robert Heinlein, wanda ya fito a 1959, ya kuma ci lambar Hugo a 1960. Tun a wancan lokaci aka fara muhawara, domin Heinlein ya fito fili ya ɗaukaka aikin soja, har ya ƙaga wata al'umma wadda ba a ba mutum ikon jefa ƙuri'a a cikinta sai ya yi wa ƙasa hidima.

Yaƙin Biyetnam ya ƙara wa wannan muhawara zafi. A watan Yuni na 1968 mujallar *Galaxy* ta buga sanarwa biyu a shafuka masu fuskantar juna. A ɗaya, marubuta irin su Heinlein da Jerry Pournelle sun sa hannu cewa suna goyon bayan Amurka ta ci gaba da zama a Biyetnam. A ɗayar kuwa, irin su Isaac Asimov da Ray Bradbury da Ursula Le Guin sun sa hannu cewa ba su yarda ba. A ƙarshen 1969 labarin kisan gillar da sojojin Amurka suka yi wa mutanen ƙauyen My Lai ya fito duniya. Amurka ta janye mayaƙanta a 1973, birnin Saigon ya faɗi a ranar 30 ga Afrilu, 1975, bayan Amurkawa kimanin 58,000 sun rasa rayukansu. Sojojin da suka komo gida sun tarar da jama'a ba ta son jin labarinsu.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a lura da shi. Taurarin littafin Drake sojojin haya ne, kuma a shekarun nan sunan sojan haya ya gama ɓaci, saboda rawar da Turawa 'yan neman kuɗi suka taka a Kwango da yaƙin basasar Nijeriya da Angola. A 1976 aka yi wa wasu daga cikinsu shari'a a Luwanda, a 1977 kuma Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta amince da yarjejeniyar yaƙi da wannan sana'a. Saboda haka duk wanda ya ɗauki littafin a 1979 ya riga ya zo da wani ra'ayi game da yaƙi da kuma sojan haya, tun kafin ya buɗe shafin farko.

3.0 Marubucin

An haifi David Drake a jihar Iowa a 1945. Ya karanta tarihi da harshen Latin a Jami'ar Iowa, sa'an nan ya shiga Jami'ar Duke don karatun lauya. Yana cikin wannan karatu aka ɗauke shi soja bisa dokar tilas, ba da son ransa ba. Aka koya masa harshen Biyetnam, aka ba shi aikin yi wa fursunonin yaƙi tambayoyi, aka tura shi runduna ta 11 ta mayaƙan sulke, wadda ake yi wa laƙabi da Baƙin Doki. Tare da ita ya yi shekarar 1970 a Biyetnam da Kambodiya, daidai lokacin da Amurka ta kutsa cikin Kambodiya. Da ya dawo ya kammala karatunsa a 1972, ya kama aikin lauya a hukumar garin Chapel Hill, a jihar Carolina ta Arewa.

Ga wanda ya gan shi a lokacin, mutum ne lafiyayye mai aiki da iyali. Amma shi da kansa ya sha bayyana cewa ya dawo da fushi mai tsanani wanda bai san inda zai kai shi ba, kuma rubuta waɗannan labarai ya zame masa tamkar magani. An riga an fara buga gajerun labaransa na ban tsoro tun 1967, amma da ya juya ga labaran soja sai editoci suka yi ta mayar masa da su. Sai a 1974 Jim Baen, editan *Galaxy*, ya karɓi biyu daga ciki, ya buga "Under the Hammer" a watan Oktoba, da "The Butcher's Bill" a watan Nuwamba. Da Baen ya koma kamfanin Ace, shi ne ya nemi a haɗa labaran, a ƙara wasu sababbi, a fitar da su a littafi. Ashe ke nan masu karatu na farko, watau editoci, su ma ba su yi marhabin da labaran ba.

4.0 Abin da Littafin Ya Ƙunsa

An gina labaran a wani zamani mai nisa nan gaba, lokacin da ɗan Adam ya bazu zuwa duniyoyi da yawa. Yawancin waɗannan duniyoyi matalauta ne, ba su iya ƙera manyan makamai, saboda haka idan rikici ya tashi sai su yi hayar runduna daga waje. Mafi tsada da ban tsoro a cikin rundunonin ita ce ta Kanar Alois Hammer. Sunan kanar ɗin a Ingilishi yana nufin guduma, sunan rundunar kuwa yana nufin masu bugu da ƙarfi. Tankokinsu suna da nauyin tan 170, an lulluɓe su da sulken ƙarfen iridiyam, ba su da taya ko sarƙa, manyan fankoki ne ke ɗaga su a kan iska.

A "But Loyal to His Own" an nuna asalin rundunar: gwamnatin duniyar Friesland ce ta kafa ta don murƙushe wani tawaye, da aiki ya ƙare kuma ta shirya kawar da ita, sai Hammer ya riga ta, ya fice da mutanensa suka zama 'yan haya. A "Under the Hammer" wani saurayi kurtu ne ya faɗa cikin artabu a hanyarsa ta zuwa sansani, ya kashe mutane tun kafin a fara horar da shi. "The Butcher's Bill", watau lissafin mahauci, shi ne aka fi tattaunawa a kai. A cikinsa waɗanda suka yi hayar rundunar sun firgita da suka ga abin da kuɗinsu ya saya, domin a garin cin nasara tankokin sun ragargaza wani daɗaɗɗen wuri mai daraja a wurinsu. "Cultural Conflict" labari ne na kashe-kashe tsakanin sojoji da wasu halittu 'yan asalin wata duniya, kowane ɓangare bai fahimci ɗayan ba. A "Caught in the Crossfire" wata mace ce yaƙi ya raba da mijinta, ta ɗau fansa, daga ƙarshe ita ma ta shiga rundunar. A "Hangman", watau hauni, hafsa Danny Pritchard ya yi wani lissafi wanda ya san farar hula ne za su biya shi da rayukansu. Labari na ƙarshe, "Standing Down", ya nuna Hammer ya koma Friesland ya karɓe mulki da ƙarfin tankokinsa.

A tsakanin labaran an saka gajerun bayanai masu kama da na littafin makaranta, a kan tankoki, da bindigogi, da addinin zamanin, da hukumar da ke riƙe kuɗin kwangila tsakanin runduna da mai haya, har da jadawalin tsarin rundunar. A gaban littafin kuma akwai gabatarwar Jerry Pournelle a kan sojojin haya da nagartar soja. Waɗannan ƙare-ƙare biyu sun yi tasiri ƙwarai a kan yadda aka karanta littafin, kamar yadda za a gani nan gaba.

5.0 Rukunonin Masu Karatu

5.1 Masu Suka

Rukuni na farko ya ƙunshi masu sharhi da marubuta waɗanda suka ɗauki labaran a matsayin tallan yaƙi. Hujjarsu ba ta rasa tushe. Sun ce ana kwatanta yadda harsashi ke fasa jikin mutum dalla-dalla, ba tare da wata alamar jimami ba. Sun ce rundunar Hammer kusan kullum ita ke cin nasara, kuma nasara tana da daɗin karantawa. Sun nuna misali da Joachim Steuben, dogarin Hammer, ɗan gayu mai son ado wanda kisa bai dame shi ba ko kaɗan, amma labarin bai taɓa tsayawa ya la'ance shi ba. Daɗin daɗawa, mutanen da ake kashewa yawanci daga bakin bindiga ake hango su, ba a shiga gidajensu a ji kukan iyalansu.

Sukan da ya fi shahara shi ne na Charles Platt, marubuci ɗan Ingila mazaunin Amurka, wanda ya rubuta cewa da Drake ya taɓa ganin yaƙi da idonsa, da bai yi irin wannan rubutu na leƙen abin ƙyama ba. Wannan magana ta yi wa Drake zafi matuƙa, har ya zamana a littattafansa na baya yakan laƙaba wa wani wulaƙantaccen tauraro sunan Platt. Abin lura ga ɗalibi a nan shi ne irin kuskuren da mai sukan ya yi. Ya tashi daga salon rubutu ya yanke hukunci a kan tarihin marubuci, sai hukuncin ya zo a karkace. A zatonsa wanda ya ga yaƙi dole ya rubuta shi da hawaye, bai kawo a ransa cewa ganin yaƙin ne zai iya busar da hawayen ba.

5.2 Tsofaffin Sojoji

Rukuni na biyu su ne waɗanda suka yi aikin soja, musamman a Biyetnam, da kuma na bayansu. Abin da masu suka suka kira rashin tausayi, su a wurinsu shi ne alamar gaskiyar littafin. Sun san cewa mutumin da ke cikin tanka ana harbinsa ba ya da sararin yin tunani a kan halal da haram na yaƙin. Hankalinsa yana kan abin da zai tsirar da shi da abokan aikinsa zuwa faɗuwar rana. Sun san yadda zuciya kan daskare domin mai ita ya iya ci gaba da aiki, da yadda wannan daskarewa kan bi mutum har gida. Da suka ga muryar mai ba da labari a sandare, ba ta hawa ba ta sauka ko ana maganar abinci ko ana maganar gawa, sai suka gane muryar, domin irinta ce suka dawo da ita.

Ga wannan rukuni, saƙon "The Butcher's Bill" a bayyane yake. Farar hula da shugabanninsu su ne ke yanke shawarar a yi yaƙi, su aika wasu su yi musu, sa'an nan idan suka ga sakamakon su juya su ɗora wa waɗanda suka aika laifi. Hausawa kan ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sojan da ya komo daga Biyetnam ya tarar ana kallonsa a matsayin mai laifin yaƙin da ba shi ya ƙulla ba, ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

5.3 Masu Sha'awar Makamai

Rukuni na uku su ne masu karatu, galibinsu matasa, waɗanda abin da ya ja su shi ne ƙarfin tankoki da dabarun faɗa. Su ne suka fi amfana da gajerun bayanan da ke tsakanin labaran, suna muhawara a kan kaurin sulke da nisan da bindiga ke kaiwa. Kasuwa ta lura da su da wuri. A 1984 kamfanin Mayfair Games ya fitar da wasan allo mai sunan littafin, inda 'yan wasa ke jan runduna kamar yadda ake jan dara. Daga baya aka ƙera ƙananan gumakan tankokin don irin wannan wasa. A fagen wasa babu marayu, babu gwauraye, sai ci da faɗuwa.

Samuwar wannan rukuni ita ce babbar hujjar da ta rage wa masu suka. Ko da an yarda cewa marubucin bai nufi kambama yaƙi ba, ga shi dai an sami dubban mutane da suka karanta shi don nishaɗi. Mai shirya fim ɗin nan na Faransa, François Truffaut, ya taɓa bayyana ra'ayin cewa duk fim ɗin yaƙi yakan ƙare da ƙawata yaƙin, domin motsi da ƙara da haɗari suna burge mai kallo ko da mai fim bai so ba. Ana iya faɗin haka game da rubutu.

6.0 Tushen Saɓanin

Hanya mafi sauƙi ta gane tushen wannan saɓani ita ce a kwatanta littafin da *The Forever War* na Joe Haldeman, wanda ya fito a 1974. Haldeman shi ma tsohon sojan Biyetnam ne, har an ji masa mummunan rauni a can. Littafinsa shi ma cike yake da mutuwa. Amma ya sami karɓuwa wurin masu sharhi, ya ci lambobin Nebula da Hugo, ba wanda ya zarge shi da son yaƙi. Bambancin yana ga murya. Tauraron Haldeman, William Mandella, an tilasta masa shiga soja ne, shi ke ba da labarin da bakinsa, yana ba'a ga hafsoshi, yana ƙosawa da yaƙin, kuma a ƙarshe aka gano cewa yaƙin gaba ɗaya rashin fahimta ne ya haddasa shi. Mai karatu ya san inda marubuci ya tsaya, ya kuma san inda ake so shi ma ya tsaya.

Drake bai ba da irin wannan jagora ba. Sojojinsa sun ƙware a aikinsu, da kansu suka zaɓe shi, ba su neman gafara. Mai ba da labari yana gefe, yana faɗin abin da ya faru, ya wuce. Masanin adabin nan na Jamus, Wolfgang Iser na Jami'ar Konstanz, ya yi bayani a shekarun 1970 cewa kowane rubutu yana da giɓi wanda mai karatu ke cikewa da abin da ya zo da shi, kuma ma'ana tana samuwa ne a haɗuwar matani da mai karatu. Giɓin da Drake ya bari shi ne na hukunci, kuma babba ne. Mai adawa da yaƙi ya ji shiru ya ɗauka yarda ce. Tsohon soja ya ji shirun ya gane ciwo ne. Matashi kuwa bai ma lura da cewa an yi shiru ba, ƙarar bindiga ta cika masa kunne.

Abu na biyu da ya ƙara karkatar da masu karatu shi ne rigar da aka sa wa littafin. Bangonsa hoton tankar yaƙi ne. Wanda ya rubuta gabatarwa, Pournelle, sananne ne da ra'ayin riƙau da goyon bayan ƙarfin soja, yana kuma cikin waɗanda suka sa hannu a sanarwar goyon bayan yaƙi ta 1968. Da Jim Baen ya kafa kamfaninsa na Baen Books a 1983, wanda ya yi suna wajen buga labaran soja, can littattafan Drake suka koma. Duk waɗannan sun zama kamar shaida a kan marubucin tun kafin a saurare shi, domin an ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ba marubuci ke zana bango ba, ba shi ke tsara talla ba, amma da su mai karatu ke fara cin karo.

7.0 Sauyin Ra'ayi Daga Baya

Littafin ya samu kasuwa sosai, aka yi ta sake buga shi, ya kuma haifi wasu. Daga cikinsu akwai *Cross the Stars* (1984), wanda aka ɗora a kan tsohon labarin Girkawa na Odisiyas, da *Counting the Cost* (1987), wanda ya ɗauko tarzomar Nika da aka yi a birnin Kustantiniya a shekarar 532, da *Rolling Hot* (1989), mai tushe a farmakin Tet na 1968 a Biyetnam. A ƙarshen wasu daga cikin littattafan Drake ya shiga ƙara ɗan jawabi da bakinsa, yana bayyana abin da ya gani a yaƙi da dalilin da ya sa yake rubutu haka. Wannan kansa shaida ce cewa martanin masu karatu ya komo ya taɓa marubucin, har ya ga dole ya faɗi a wajen labari abin da ya ƙi faɗa a cikinsa.

A 1996 ya fitar da *Redliners*, wanda ba ya cikin jerin labaran Hammer. Labari ne na wasu sojoji da yaƙi ya gama lalata wa zukata, aka ba su gadin farar hula a wata muguwar duniya, har farar hular suka ga irin abin da soja ke biya da idonsu. Drake ya ce wannan ne littafin da ya sauke masa nauyin da ya ɗauko daga Biyetnam. Masu karatu da yawa da suka gama shi sun koma ga labaran 1979 da sabon ido. Tsakanin 2006 da 2007 kamfanin Night Shade Books ya tattara labaran Hammer duka a juzu'i uku, da gabatarwar Gene Wolfe, wanda tsohon sojan yaƙin Koriya ne kuma marubuci da masu sharhi ke girmamawa, da ta edita David Hartwell, da ta Barry Malzberg. Labaran ba su canja ba, masu gabatar da su ne suka canja, zamani kuma ya yi nisa da zafin Biyetnam. Drake ya rasu a ranar 10 ga Disamba, 2023.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane rukuni ya kama wani ɓangare na gaskiya. Masu suka sun yi kuskure game da marubucin, amma ba su yi kuskure ba da suka ce ana iya karanta littafin don jin daɗin kisa, tun da an sami masu yin hakan. Tsofaffin sojoji sun fi kowa kusa da nufin marubucin, amma abin da ya ba su wannan fahimta ba a cikin littafin yake ba, a jikinsu suka zo da shi. Dabarar yin shiru ta ba labaran ƙarfin da wa'azi ba zai ba su ba, ita ce kuma ta bar ƙofa a buɗe ga wanda zai fahimce su a baibai. Marubucin da ya zaɓi wannan hanya ya sayi gaskiyar murya da haɗarin a yi masa mummunar fassara.

Ga ɗalibin adabin Hausa, darasin yana da amfani ko da bai taɓa ganin littafin ba. Wajibi ne a rarrabe tsakanin muryar tauraro, da muryar mai ba da labari, da ra'ayin marubuci, domin ba lalle ne su zama ɗaya ba. Wajibi ne kuma idan za a fitar da jigon littafi, mai nazari ya tambayi kansa wane ɓangare ne matani ya faɗa, wane ne kuma shi ya cike da abin da ke ransa. Wannan tambaya ta shafi mai nazarin waƙoƙin yaƙi da kirarin mayaƙa kamar yadda ta shafi mai karanta labarin tankokin Kanar Hammer.